Daga majigi zuwa memori: yadda tarihin ƙwallo ke iso mana ƙauye

Ranar kasuwa na tarar da samari biyar a shagon cajin waya na garinmu, nan ƙasar Ringim, sun haɗa kai a kan waya ɗaya mai fasasshen gilashi. Fim ɗin rayuwar Maradona suke kallo, wanda Asif Kapadia ya fitar a 2019. Babu mai jin Italiyanci a cikinsu, amma duk sun san ya koma Napoli a 1984, ya ci musu kofin lig na farko a 1987. Mai shagon ne ya tura musu a memori.

Iyayenmu da majigi suka fara ganin hoto mai motsi. Motar gwamnati ce take zuwa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi bayan sallar isha, a nuna noma da tsafta da hawan sarakuna. Ƙwallo kuwa a kunne aka san ta. Lokacin da Najeriya ta lallasa Aljeriya 3-0 a Legas ta ɗauki kofin Afirka a 1980, a rediyo aka ji Segun Odegbami ya zura biyu, kowa ya zana siffarsa a ransa. Sai talabijin mai aiki da batirin mota ta shigo. Da ita muka ga Rashidi Yekini ya rungumi raga yana ihu bayan ya ci Bulgeriya a gasar cin kofin duniya ta 1994, da ita kuma muka raba dare a 1996, ranar da Kanu ya fitar da Brazil 4-3 a gasar Olympics ta Atlanta. Daga baya gidajen kallo suka zo da dish da janareto, matasa suka rabu gida-gida, wannan Arsenal wancan Chelsea.

Fim ɗin na Maradona ya yi kyau, ban ja ba. Kusan gaba ɗayansa tsofaffin hotuna ne, ba a cika shi da masu zama kan kujera suna surutu ba, kuma bai ɓoye shaye-shayen mutumin ba. Abin da ya yi min ciwo daban ne. Na tambayi samarin nan ko sun san Raccah Rovers, sai ɗayansu ya ce, "Baba, ta wace ƙasa ce?" Ta Kano ce, ita ta ci lig ɗin Najeriya a 1978. Ko Kano Pillars da aka kafa a 1990, wadda ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, ta kuma ci lig sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, labarinta a bakin tsofaffin 'yan kallo yake yawo.

Na sa mai shagon ya duba kwamfutarsa ko akwai wani abu a kan Pillars. Ya daɗe yana lalube, sannan ya ɗago kai ya ce, "Baba, sai dai in tura maka na Pele."