Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Tambayoyi da Amsoshi Kan Sayar wa Mujallu Hoto da Labarin Tafiya

A Nima, Mamobi da Sabon Zango, unguwannin Akra ta ƙasar Gana, da wuya ka je biki ko suna ba ka ga matashi da kamara a wuya ba. Da yawansu iyakar sana'ar ke nan: ɗaurin aure, suna, walimar sauka, sai kuma zaman jiran wata Asabar. Wasu sun ji ana cewa mujallun waje na biyan dala a kan hoto da labarin tafiye-tafiye, suna son sanin gaskiyar zancen. Ga tambayoyin da aka fi yi a wuraren shan ataya, da amsoshinsu.

Wai da gaske mujalla na biyan wanda ba ma'aikacinta ba?

Da gaske ne. Akasarin abin da ke cikin mujallun tafiye-tafiye, mutanen waje ne ke kawo shi, edita ya saya ɗaya bayan ɗaya. Ko National Geographic, da girmanta, a shekarar 2023 ta sallami marubutanta na dindindin da suka rage, ta ƙara dogara ga masu zaman kansu.

Sai dai kasuwar ta tsuke. Annobar korona ta 2020 ta kashe mujallun cikin jirgi da dama. American Way ta kamfanin American Airlines ta fito na ƙarshe a Yunin 2021. Duk da haka ƙofofi ba su ƙare ba. Akwai National Geographic Traveller ta Ingila, Condé Nast Traveler, Afar, Wanderlust da sashen tafiye-tafiye na BBC. Jiragen Afirka na da nasu, Selamta ta Habasha da Msafiri ta Kenya. Akwai AramcoWorld, wadda aikinta shi ne tarihi da al'adun ƙasashen Musulmi, kuma a ganina ita ce ta fi dacewa da ɗan Zango. Akwai The Continent, jaridar mako-mako da ake rabawa ta WhatsApp tun 2020. Abin da babu shi ne albashi. Wani watan ka samu aiki biyu, wani watan shiru, saboda haka kada kowa ya ajiye hoton biki tukuna.

Ba ni da kuɗin zuwa Dubai ko Zanzibar. Wace tafiya zan sayar?

Nan ne mutane suka fi ɓata. Ga mai karatu a Landan ko Nairobi, Akra ita ce tafiyar. Tun daga 2019, lokacin da gwamnati ta gayyaci baƙaƙen fatar Amurka da Karibiyan su dawo gida, Gana ta shiga bakin masu yawon buɗe ido, kuma duk Disamba garin nan cika yake da baƙi. Editan da zai turo mai hoto daga Turai sai ya biya jirgi, otal, mota da tafinta. Kai kuwa trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ya ishe ka.

Amma lura da abin da ya riga ya cika kasuwa. Tsohon gidan tsare bayi na Cape Coast, na Elmina, gadar igiya ta Kakum, hasumiyar Jamestown: an ɗauke su ta kowace kusurwa, edita na da su jibge. Abin da ba shi da shi, shi ne abin da baƙo ba zai iya shiga ba.

Ɗauki waakye, wato shinkafa da wake irin ta Gana. Baƙo zai ɗauki hoton faranti da rana tsaka ya wuce. Kai ka san Hajiyar da ke hura wuta tun kafin kiran assalatu, ka san lokacin da ake jefa karan dafi a tukunya har ruwan ya yi ja, ka ga 'yan matan gidan na goge ganyen da za a ƙunsa, ana jera shito (soyayyen yaji), taliya, gari, ganda da dafaffen ƙwai, ka ga layin ma'aikata da 'yan makaranta tun gari bai gama wayewa ba. Kana iya durƙusawa ka gaishe ta, ka ce “Hajiya, ina kwana, ina son in zauna a gefe in ga aikin,” ta ce “Zauna, ɗana,” ta kuma ba ka labarin wadda ta koya mata. Wannan zaman shi ne hajarka.

Haka hanyar goro. Fatake sun daɗe suna sauko da kaya daga Kano su koma da goron ƙasar Asante ta Salaga, kuma yawancin zangunan ƙasar nan daga wannan fataucin da abin da ya biyo bayansa suka tsiro. Mutum ɗaya zai iya bin hanyar daga masu goro na Kumasi zuwa rijiyoyin Salaga, ya yi hira da dattawa da harshensu ba tare da tafinta ba. Akwai masallacin ƙasa na Larabanga kusa da gandun dajin Mole, akwai babban masallacin Kanda da Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, akwai bikin Damba a Tamale, akwai bikin Akwasidae da ake yi a Manhyia, fadar sarkin Asante a Kumasi, duk bayan kwana 42. Duk waɗannan kuɗin mota ne, ba kuɗin biza ba.

To yaya ake tunkarar edita?

Da gajeren imel na tayi, ba da dogon rubutun da ka riga ka gama ba. Kafin ka aika, karanta mujallar sosai, ka san sassanta, ka duba ko ta buga irin labarinka kwanan nan. Da yawansu sun ajiye ƙa'idojin karɓar tayi a shafinsu, sunan editan sashen kuma yana cikin mujallar. Aika wa mutum da sunansa.

Abin da ke kashe tayi shi ne a kawo wuri a maimakon labari. “Ina so in rubuta a kan Kumasi” ba tayi ba ne, domin Kumasi na nan tun kafin a haife mu. Amma ka ce za ka bi buhun goro ɗaya daga gona zuwa hannun dillali a Zangon Kumasi, ka nuna yadda ake yayyafa masa ruwa ana lulluɓe shi da ganye don kada ya bushe, da wanda zai saye shi don ɗaurin aure, to ka ba edita abin da zai gani da idonsa. Sakin layi uku sun isa: mene ne labarin, me ya sa yanzu, me ya sa kai. Ka haɗa da hanyar ganin ayyukanka, hotuna goma zuwa ashirin da ka tace da kyau, ba duk abin da ke cikin wayarka ba.

Mujallun takarda na shirya fitowarsu watanni kafin lokaci. Labarin Chale Wote, bikin zane-zanen titi da aka fara a Jamestown a 2011 kuma ake yi a Agusta, tun farkon shekara ake tallarsa. Na azumi da Sallah ma haka. In ka ji shiru bayan mako biyu, ka tuna masa sau ɗaya cikin ladabi, in shirun ya ci gaba ka kai wa wani. Shiru shi ne amsar da aka fi samu a wannan sana'a, har ga waɗanda suka daɗe a ciki.

Turancina ba shi da ƙarfi. Dole sai na iya rubutu da hoto duka?

Ba dole ba ne. Wanda ya iya biyun ya fi saurin shiga, musamman a ƙananan mujallu da ba su da kuɗin tura mutum biyu. In hoto ne naka, nemi aboki ko ƙawa mai alƙalami ku yi tayi tare, ku yanke rabon kowa tun kafin kuɗi ya zo. Edita na gyara nahawu kullum. Abin da ba zai iya gyarawa ba shi ne labarin da ba a je wurin ba, kuma mai ba na'ura ta rubuta masa abin da bai gani ba yana wasa da sunansa.

Sai na sayi babbar kamara?

Shafi guda mai girman A4, a ingancin da madaba'a ke so, fiksel 2480 ne a 3508, wato bai kai megafiksel 9 ba. Tsohuwar kamarar da kake zuwa biki da ita ta wuce haka. Ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta sarrafa ba, kada ka cika kala, kada ka goge ko ka ƙara wani abu a cikin hoton.

Haske ya fi kamara muhimmanci. A Akra rana na fitowa wajen ƙarfe shida ta faɗi wajen shida kusan duk shekara, haske mai laushi kuma gajere ne, don haka daga sallar asuba sai titi. Ƙurar hunturu na dushe hoton nesa amma tana yi wa fuska kyau. Kowane hoto ya tafi da bayaninsa: wane ne, ina ne, yaushe, me ake yi, da sunaye a rubuce daidai. Mai son tashi da dron kuma sai ya yi rajista da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Gana.

Nawa ake samu, kuma ta ina kuɗin ke zuwa?

Ya danganta da mujallar. Rubutu ana biyansa da adadin kalmomi ko a dunƙule. Hoto kuma ko dai kuɗin yini in su suka tura ka, ko gwargwadon girman da hoton ya ci a shafi. Tambayi farashi kafin ka ɗaga kamara, a kuma rubuta shi, kada a yi cinikin biri a sama. Tambayi ko za a biya da an karɓi aikin ne ko sai an buga, domin tsakanin biyun ana iya yin watanni. Tambayi abin da za a ba ka in sun fasa bugawa bayan ka gama. In tafiyar ta kai Arewa, nemi kafin alƙalami na mota da masauki.

Shafukan dillancin hoto kuwa kada a sa musu rai da yawa. Shutterstock na ba mai hoto kashi 15 zuwa 40 cikin ɗari, kuma tun 2020 hoto na iya kawo senti 10 kacal. Adobe Stock na ba da kashi 33. Wuri ne na ajiye ragowar hotunan tafiya, ba na neman kuɗin haya ba.

Yawanci kuɗin na zuwa ta banki ko Payoneer, kamfanin tura kuɗi ta intanet. PayPal ya daɗe yana ba mutanen Gana wahala wajen karɓa, saboda haka ka faɗa wa edita tun farko. Kamfanin Amurka zai sa ka cike fom W-8BEN, takardar haraji da ke nuna kai ba ɗan Amurka ba ne, kuma da yake babu yarjejeniyar haraji tsakanin Gana da Amurka, dillalan hoto na cire kashi 30 daga abin da mai saye a Amurka ya biya. A gida ma kuɗin shiga ne da GRA, hukumar tara haraji ta Gana, ke da haƙƙi a kai, lambar katinka na ɗan ƙasa, wato Ghana Card, ita ce lambar harajinka. Ajiye kowace takardar neman biya.

In na sayar, hoton ya zama nasu ke nan?

A'a, sai in ka sa hannu a kan haka. Dokar haƙƙin mallaka ta Gana ta 2005 ta ba mai aiki haƙƙinsa tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan rasuwarsa. Abin da kake sayarwa izinin amfani ne, kamar mai gida da ya ba da haya: an shiga na wani lokaci, gidan na nan nasa. Yarjejeniya mai kyau za ta ce su ne za su fara bugawa, su riƙe na wasu watanni, sannan ka sayar wa wani. Wadda ta ce duk haƙƙi ya koma gare su har abada, ko ka nemi a canza layin, ko kuɗin ya ƙaru sosai. Gasannin hoto na kyauta sun fi kowa ɓoye irin wannan sharaɗi.

James Barnor, mai hoto ɗan Gana wanda ya buɗe shagon Ever Young a Jamestown ya kuma yi wa Daily Graphic da mujallar Drum aiki tun shekarun 1950, sai da ya tsufa duniya ta waiwayi hotunansa. Abin da ya cece shi shi ne ya adana su. Ajiye naka a wuri biyu.

Mutanenmu ba sa son kamara. Wasu ma cewa suke ana sayar da talaucinmu ne.

Suna da hujja. Shekara da shekaru ana zuwa Agbogbloshie, jujin tsoffin kayan lantarki a Akra, ana ɗaukar yara cikin hayaƙin ƙona waya, hotunan suka zagaya duniya, mazauna wurin ba su ga komai ba, har aka rushe shi a 2021. Nima ma, in baƙo ya zo, babban kwalbati yake fara nema. Ɗan unguwa da zai yi irin wannan ya fi baƙo laifi, domin shi an buɗe masa ƙofa ne saboda an san iyayensa.

Ka yi sallama, ka gaisa, ka faɗi gaskiyar inda hoton zai je. A kasuwa ka fara da shugaban 'yan kasuwar, a masallaci da liman, a unguwa da sarki ko mai unguwa. Matar aure da yaro ƙarami, sai da izinin ita kanta da na iyayen yaron. Wanda ya ce a'a, ka sauke kamara. Hoton da zai shiga labari a mujalla galibi ba ya buƙatar takardar amincewa, amma wanda za a yi talla da shi dole sai mai fuskar ya sa hannu, kuma ya kamata ya samu rabonsa. In an buga, ka wanke hoton ka kai wa mai shi da hannunka.

Daga ina zan fara a wannan watan?

Zaɓi labari ɗaya da ƙafarka za ta kai ka, ka yi ta komawa har ka haɗa jerin hotuna masu farko da ƙarshe. Je Dikan, cibiyar hoto mai laburare da ke unguwar Osu a Akra, wadda Paul Ninson ya buɗe a 2022, ka zauna da littattafan hoto ka ga yadda manya ke jera labari. Nemi shiga rumbun sunayen masu hoton jarida na Afirka da World Press Photo da Everyday Africa suka kafa, domin editoci na duba shi in suna neman ɗan ƙasa. Ka gwada jaridun gida irin su The Mirror don ka samu abin nunawa. Sannan ka rubuta tayi uku ga mujallu uku daban-daban, kowanne da labarin da ya dace da ita, ka aika ranar Talata ko Laraba da safe.