Zafin Sakkwato ba ya busar da bango a rana ɗaya

Da ruwan ambaliya ya janye daga gida sai ka ji ana cewa: "Ai nan Sakkwato ce, ranar yini guda ta isa." Nan take a kira mai fenti ya rufe tabon. To, fuskar bangon ce kawai ta bushe. Bulo da tubalin ƙasa suna shan ruwa har ciki, kuma a Agusta da Satumba, lokacin da gulbin Rima ke cika, iskar kanta tana ɗauke da laima. Fitar danshin kan ɗauki makonni.

In aka rufe shi, zai nemi hanya: fenti ya kumbura ya ɓare, farin gishiri ya feso, ɗaki ya riƙa warin fumfuna. Ginin ƙasa ya fi shiga haɗari, domin shafen siminti yana kulle ruwan har gindin katanga ya ruɓe, a waje kuwa tana nan sumul.

A buɗe tagogi, a ɗage ledar ɗaki, a janye kabad daga bango. Sannan a manna 'yar leda a jikin bangon da salatif ta kwana. In ta yi raɓa ta ciki, da saura. Ni dai a ganina, fenti ya jira hunturu.