Shige da Fice a Amurka: Ina Ikon Washington Ya Tsaya, Ina na Jihohi Ya Fara?

A Amurka gwamnatin tarayya ce kaɗai ke yanke wane baƙo zai shigo, wane zai zauna, wane za a tasa ƙeyarsa gida. Gwamnan jiha, komai ƙarfinsa, ba ya ba da biza kuma ba ya korar kowa daga ƙasar. Tsarin mulkin bai faɗi haka ƙarara ba. Abin da ya ba majalisar dokokin tarayya shi ne ikon tsara ƙa'ida ɗaya ta zama ɗan ƙasa. Sauran Kotun Ƙoli ce ta ɗora a kai tun ƙarni na 19, bisa hujjar cewa lamarin baƙi ya shafi hulɗa da ƙasashen waje, kuma ƙasa ba ta magana da baki hamsin.

Jihar Arizona ta gwada sa'arta a 2010 da dokar SB 1070, wadda ta kafa da kanta kan baƙin haure. A 2012 Kotun Ƙoli ta soke uku daga cikin sassa huɗu da aka ƙalubalanta: wanda ya mai da rashin riƙe takardun rajistar baƙi laifi a dokar jiha, wanda ya hukunta baƙon haure don ya nemi aiki, da wanda ya ba 'yan sanda damar kama mutum ba sammaci don suna zargin ya cancanci kora. Sashe ɗaya ya tsira, wato ɗan sanda ya bincika matsayin wanda ya riga ya tsayar kan wani dalilin.

Sai dai igiyar ta ɗaure ɓangare biyu, kuma nan ne masu muhawara suka fi yin shiru. Washington ba ta da ikon umartar 'yan sandan jiha su yi mata aiki. Kotu ta tabbatar da wannan a 1997, a shari'ar Printz, wadda ma kan bindigogi aka yi ta. Idan aka tsare baƙo a kurkukun gunduma, hukumar ICE ta tarayya, mai kama baƙin haure da korarsu, kan aiko da takarda tana neman a ƙara riƙe shi har awa 48 ta zo ta ɗauke shi. Roƙo ne, ba umarni ba. Wata gundumar ta riƙe, wata ta buɗe masa ƙofa. California ta taƙaita irin wannan haɗin kai da doka a 2017, yayin da wasu wuraren ke sa hannu da kansu a yarjejeniyar 287(g) don jami'ansu su taya ICE aiki.

Rayuwar yau da kullum kuwa yawancinta a hannun jiha take. Ita ke yanke ko marar takardu zai samu lasisin tuƙi, da nawa zai biya a jami'ar jiha. Ko a nan akwai iyaka: a 1982, a shari'ar Plyler, kotu ta hana Texas rufe makarantun gwamnati ga yaran da ba su da takardun zama.