Yawan Nasara Ne Ma'aunin Koci? Tambayoyi Kan Ƙwallon Jami'o'in Amurka

A Amurka, ƙwallon nan da ake rungumewa a ruga da ita ba ta ƙwararrun ƙungiyoyi ba ce kaɗai. Jami'o'i ma suna da gasarsu, kuma ba wasan yara ba ce: filin jami'ar Michigan yana ɗaukar sama da mutum 100,000, kuma a jihohi da dama kocin jami'a ya fi gwamna albashi nesa ba kusa ba. Duk inda aka ambaci koci, sai a liƙa masa lambobi biyu, misali 9-3, wato ya ci wasa 9, an ci shi 3. Da su ake ɗaukarsa aiki, da su ake sallamarsa.

Me ya sa aka fi riƙo da waɗannan lambobi?

Saboda ba sa buƙatar dogon bayani, kowa yana iya karanta su. Har zauren karrama gwanayen ƙwallon jami'o'i da ke Atlanta ya daɗe da ƙa'idar cewa koci ba zai shiga ba sai ya yi shekara 10 yana aiki, ya jagoranci wasa 100, ya kuma ci kashi 60 cikin ɗari. Wannan ƙa'ida ta tare Howard Schnellenberger a bakin ƙofa, alhali shi ne ya ba jami'ar Miami kofin ƙasa na farko a kakar 1983, ya farfaɗo da Louisville, sannan ya kafa ƙungiyar Florida Atlantic tun daga tushe. Ya ci wasa 158, an ci shi 151. Laifinsa kawai shi ne ya riƙa karɓar aikin da wasu ke gudu.

To ai ci shi ne wasa. Ina matsalar take?

Matsalar ita ce ba daga layi ɗaya ake tashi ba. A gasar ƙwararru ta NFL, ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ita ke fara zaɓen sababbin 'yan wasa, don a rage tazara. A jami'o'i kuwa yaro ne ke zaɓen inda zai je, kuma zaƙaƙuran yaran sakandare sun fi karkata ga makarantun da ke da suna da kuɗi, irin su Alabama, Ohio State da Georgia. Mai shi ake ƙara wa.

Shi ya sa nasara 9 ba ta da farashi ɗaya. Da James Franklin ya ci wasa 9 a Vanderbilt a 2012, ya sake a 2013, kallon mai abin al'ajabi aka yi masa, har Penn State ta ɗauke shi. A Alabama kuwa, kocin da ya tsaya a 9 sai an fara yi masa gunaguni.

Babban misali a nan shi ne Bill Snyder. Lokacin da ya karɓi Kansas State a ƙarshen 1988, ƙungiyar ta buga wasa 27 a jere ba ta ci ko ɗaya ba. Kakarsa ta farko, 1989, ya tashi da 1-10. Wanda ya tsaya ga lambar zai ce an ɗauko wani shashasha ne. Amma zuwa 1998 ƙungiyar ta hau matsayi na ɗaya a ƙasar a wani lokaci cikin kakar, ta kuma ci kofin Big 12, rukunin jami'o'in da take karawa a ciki, a 2003 da 2012. Ya yi ritaya da nasara 215, an ci shi 117. Akwai masu kason da ya fi nasa kyau da yawa, amma ni dai ban ga mutum biyar a cikinsu da zan iya rantsewa za su yi abin da ya yi a wannan makaranta ba. Yau sunan iyalinsa filin wasan makarantar yake ɗauke da shi.

Ba kowa ne ke karawa da kowa ba?

A'a. A gasar Firimiya ta Ingila kowace ƙungiya tana haɗuwa da sauran 19 gida da waje. A nan ƙungiyoyin babban mataki sun haura 130, kuma kowacce wasa 12 take yi a kaka. Makaranta ce ke tsara wa kanta wasanni 3 ko 4 na wajen rukuninta, kuma manya kan biya ƙananan makarantu kuɗi, wani lokaci sama da dala miliyan 1, su zo gida a lallasa su. Ita ma wannan nasarar ana lissafa ta daidai da doke Georgia. Jifa-jifa cinikin kan juye, kamar yadda Appalachian State ta je har gidan Michigan ta ci ta 34-32 a 2007, amma galibi abin da aka biya shi ake samu.

Yaya batun kocin da ya gaji 'yan wasan wani?

Nan ne lambobin suka fi ruɗar mutane, ta fuska biyu.

Larry Coker ya karɓi Miami a 2001 bayan Butch Davis ya tara masa taurari. Shekararsa ta farko ya tashi da 12-0 da kofin ƙasa. Da waɗancan yara suka watse, ƙungiyar ta dinga sauka a hankali, har aka sallame shi a 2006, duk da cewa jimillarsa 60-15 ce. A takarda ya fi Snyder kaso. Gene Chizik ya bar Iowa State da 5-19, ya je Auburn, ya samu gwanin ɗan wasa Cam Newton, ya ci 14-0 da kofi a 2010. Newton na tafiya, bayan shekara biyu ƙungiyar ta koma 3-9, aka nuna masa ƙofa. Wanne ne Chizik na gaskiya, na 2010 ko na 2012? Ed Orgeron ma haka: 15-0 a LSU a 2019 da gwanin ɗan wasa Joe Burrow, sai 5-5 a shekarar da ta biyo.

Ta ɗaya fuskar kuma, Nick Saban, wanda ya ci kofin ƙasa sau 7, ya fara Alabama a 2007 da 7-6, har ƙaramar makaranta Louisiana-Monroe ta ci shi a gida. Bear Bryant ya fara Texas A&M a 1954 da 1-9. Frank Beamer ya shafe shekara 6 a Virginia Tech yana shan kashi fiye da yadda yake ci, a 1992 ma wasa 2 kacal ya ci. Makarantar ta daure ba ta kore shi ba, sai ga shi ya kai ta wasan kofin ƙasa a kakar 1999. Da yau ne, da tuni an yi waje da shi.

Sa'a tana da tasiri sosai?

A wasa 12, ƙwarai kuwa. Ƙwallo ɗaya da ta kuɓuce daga hannu, ko bugu ɗaya da ya baude, yana iya mayar da 8-4 ta zama 6-6. Nebraska a 2021 ƙarƙashin Scott Frost ta tashi da 3-9, amma wasa 8 cikin 9 da ta faɗi da tazarar maki 8 ko ƙasa da haka ne, abin da kai ƙwallo gida sau ɗaya zai iya farkewa. Magoya baya suka ce rashin sa'a ne. Sai dai haka aka yi ta gani shekara da shekaru, kuma idan kullum a mintunan ƙarshe ake cin ka, dole a fara tambayar wa ke horar da yaran kan mintunan ƙarshe. An sallame shi a 2022 da 16-31. A nan lambar ba ta zalunce shi ba.

Lambobin ma ba sa canzawa, ko?

Suna canzawa. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i, kan soke nasarori idan an karya doka. A 2012 ta kwashe wa Joe Paterno na Penn State nasara 111, a 2015 ta mayar masa, ya koma 409.

Me ke faruwa idan makaranta ta raina nasara 9?

Nebraska ɗin dai ce amsar. Ta sallami Frank Solich a 2003 bayan ya ci wasa 9 a kakar, da jimillar 58-19. Ta sallami Bo Pelini a 2014, mutumin da bai taɓa cin ƙasa da 9 ba a kakarsa 7. Hujjar ita ce ba sa cin manyan wasanni, kuma akwai gaskiya a ciki, don ƙungiyar Pelini ta sha dukan kawo wuƙa a wasu muhimman wasanni. Amma daga 2017 zuwa 2023 Nebraska ba ta ko kai nasara 6 da ake buƙata don samun gayyatar wasan ƙarshen kaka ba.

To me ya kamata a duba?

A fara da tarihin makarantar: wasa nawa take ci kafin zuwansa, nawa take ci bayan tafiyarsa. A duba shekara ta uku da ta huɗu, lokacin da yaran da ya ɗauko da hannunsa suka cika fili. A duba su wa ya ci, ba guda nawa kawai ba, da yadda yake yi idan mataimakansa suka samu aiki suka tafi. Saban ya yi ta rasa mataimaka, ciki har da Kirby Smart da ya koma Georgia, amma bai daina cin kofi ba, kuma wannan ya fi jimillar nasarorinsa bayyana ko shi wane ne.

Abin da ya rikita lissafin shi ne sauyin 'yan shekarun nan. Tun 2021 'yan wasa suna iya karɓar kuɗin talla da sunansu, kuma sauya makaranta ya yi sauƙi. Curt Cignetti ya karɓi Indiana da ta tashi 3-9 a 2023, ya kwaso yara da dama daga tsohuwar makarantarsa James Madison, ya ci wasa 11 a 2024. Yanzu duk kocin da ya nemi a ba shi shekara huɗu, Indiana ake nuna masa, kuma makarantu masu kuɗi ba sa jin ciwon kora: Texas A&M ta amince ta biya Jimbo Fisher sama da dala miliyan 75 a 2023 don ya tafi, yana da 45-25.