Harshen Koyarwa a Makarantun Nijeriya: Me Sabon Matakin Gwamnati Yake Nufi?

A watan Nuwamba na 2025, Ministan Ilimi na Tarayya, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da cewa gwamnati ta janye manufar koyar da yara da harshen uwa, kuma Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga ajin share fage har zuwa jami'a. An amince da wannan mataki ne a taron Majalisar Ilimi ta Ƙasa da aka yi a Akure, babban birnin jihar Ondo, majalisar da kwamishinonin ilimi na jihohi suke zama a cikinta tare da minista.

Kafin a yi nisa, ya kamata a rarrabe abu biyu da jama'a suke yawan cakuɗawa. Harshen koyarwa shi ne wanda malami yake amfani da shi wajen bayyana lissafi da kimiyya da sauran darussa, shi kuwa darasin harshe fanni ne mai zaman kansa a jadawali. Matakin gwamnati ya shafi na farkon ne, saboda haka darasin Hausa yana nan, kuma ana ci gaba da rubuta shi a jarrabawar WAEC da NECO.

Tun daga 1977, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi cewa a fara koyar da yaro da harshen da ake yi a muhallinsa, sannan a sauya zuwa Turanci daga baya. Bugunan da suka biyo baya sun fayyace iyakar: aji ɗaya zuwa aji uku da harshen gida, Turanci yana matsayin darasi, daga aji huɗu kuma a koma Turanci sannu a hankali. A watan Nuwamba na 2022, zamanin Malam Adamu Adamu yana minista, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta tsawaita wa'adin zuwa shekara shida na firamare baki ɗaya, kodayake shi kansa ministan ya amsa cewa aiwatarwa za ta ɗauki lokaci, domin sai an tanadi littattafai da malamai. Wannan tsarin ne aka janye bayan shekara uku kacal.

Hujjar da gwamnati ta bayar ita ce yawan faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB a yankunan da suka fi dogara da harshen uwa. Hujjar tana da nata ƙarfi, tunda da Turanci ake rubuta waɗannan jarrabawa, kuma wanda bai samu kiredit a Turanci ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi komai ƙwazonsa a sauran fannoni. Sai dai akwai lauje cikin naɗi a lissafin shekarun, domin ɗalibin da ya zauna WAEC a 2025 ya gama firamare tun wajen 2019, kafin a haifi manufar da ake ɗora wa laifi. Masu sukar matakin kuma suna tunawa da gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida, aka tarar ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin kansa.

Duk wanda ya taɓa leƙa ajin firamare na gwamnati a ƙasar Hausa ya san yadda abin yake gudana. Malami zai karanta jimla daga littafin Turanci, yara su maimaita da ƙarfi har muryarsu ta kai bakin titi, ya tambaye su ko sun gane, su amsa baki ɗaya cewa sun gane, alhali idanuwansu suna nuna akasin haka. Daga nan sai ya ajiye alli ya warware musu zancen da Hausa. A ganina, sanarwar minista ba za ta hana wannan ba, domin malamin da bai ƙware a Turanci ba ba zai ƙware da umarni ba.

Wajibi ne kuma a san cewa wannan manufa ce ta gwamnati, ba dokar da Majalisar Tarayya ta kafa ba, don haka babu wani hukunci na kotu da zai hau kan malamin da ya fassara wa ɗalibansa darasi. Tsarin Mulkin 1999 ya sa ilimi cikin abubuwan da tarayya da jihohi suka yi tarayya a kansu, kuma makarantun firamare na gwamnati suna hannun hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi, wato SUBEB, da ƙananan hukumomi. Su ne suke ɗaukar malamai, su raba littattafai, su tura masu duba makarantu, kuma daga ofisoshinsu ne hedimasta zai samu takardar da za ta faɗa masa harshen da ɗan aji ɗaya zai fara karatu da shi.