Waiwaye: Abinci da rayuwar manya masu cutar lalacewar tsoka

A shekarun 1860 likitan nan na Faransa, Guillaume Duchenne, ya yi bayanin wata cutar lalacewar tsoka mai kama yara maza, wadda ake kira cutar Duchenne. Yaro zai fara tafiya lafiya lau, sai a ga yana yawan faɗuwa, sharaɓarsa ta yi kauri kamar ta mai ƙarfi, alhali kitse ne ke maye gurbin tsoka. In zai tashi daga ƙasa sai ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, yana tallafar kansa da hannu har ya miƙe. Ba shan inna ba ce. Galibi gado ce ta wajen uwa, tana samun kusan ɗaya cikin jarirai maza 3,500 zuwa 5,000.

Da farko an ɗora wa abinci nauyin da ba zai iya ɗauka ba. A shekarun 1930 masu bincike a Amurka suka ga tsokar zomaye na lalacewa idan aka tauye musu abinci, daga baya aka gano rashin bitamin E ne. Nan aka shiga ba marasa lafiya bitamin ɗin da man ƙwayar alkama, iyaye suka sa rai, amma babu abin da ya canja. Sai a 1986 Louis Kunkel da abokan aikinsa a Boston suka gano ƙwayar gadon da ke da matsalar, a 1987 kuma aka gano distirofin, furotin ɗin da ke riƙe tsoka, wanda jikin waɗannan yara ba ya yi. Ta tabbata ke nan babu cimar da za ta warkar da cutar.

Abin da ya dawo da maganar abinci shi ne tsawon rai. Wani nazari a Newcastle ta Ingila ya nuna a shekarun 1960 masu cutar kan rasu suna da kimanin shekara 14, amma waɗanda aka sa wa na'urar taimakon numfashi daga 1990 suna kaiwa 25. Gwajin maganin firedinison a 1989 ya nuna yana ƙara ƙarfin tsoka. Yaran da a da ba a yi musu tanadin girma ba suka zama magidanta, wasu da digiri da aiki.

Sai dai maganin firedinison na buɗe ciki, yana kawo ƙiba da raunin ƙashi, a daidai lokacin da yaro ya koma keken guragu. Bayan wasu shekaru kuma al'amarin ya juye. Tsokar muƙamuƙi da maƙogwaro ta yi rauni, hannu ba ya kai loma baki, tauna nama ta zama aiki, kurɓin ruwa ɗaya na iya shaƙe mutum ya gangara huhu. Ga taurin bayan gida. Wanda aka yi ta ce wa ya rage ci, yanzu rama ce ke neman halaka shi. Masu wani nau'in cutar lalacewar tsoka da ake kira mayotonik, wanda Hans Steinert ya bayyana a 1909 kuma ya fi yawa a manya, su ma suna fama da haɗiya, ga barazanar ciwon sukari.

Ta fuskar jin daɗin rayuwa, an daɗe ana yanke hukunci a madadinsu. John Bach a Amurka ya nuna a 1991 cewa ma'aikatan lafiya na ɗaukar masu amfani da na'urar numfashi a matsayin marasa jin daɗin rayuwa fiye da yadda su kansu suke faɗa. A ganina wannan ya isa darasi: a tambayi mai jikin. A 2007 masu bincike a Birtaniya suka fito da takardar tambayoyi ta INQoL mai auna jin daɗin rayuwa, musamman don manya masu cututtukan tsoka.

Har yau ƙarfin bincike ya fi karkata ga yara. Maganin gyaran ƙwayar gado da Amurka ta amince da shi a 2023, da 'yan shekara 4 zuwa 5 aka fara. Ƙa'idojin kula da masu cutar Duchenne da aka buga a 2010, aka sabunta a 2018, sun ɗan cike gurbin: masanin abinci ya riƙa duba nauyi a kai a kai, a auna bitamin D duk shekara, a kuma tattauna batun sa bututun abinci ta ciki tun kafin rama ta yi nisa.