Mece ce "damawa da masu buƙata ta musamman"?

Kwanan nan da wuya ka saurari labaran rediyo har ƙarshe ba ka ji kalmar "damawa" ba. Kwamishina ya raba kekunan guragu, sai a ce gwamnati na damawa da masu buƙata ta musamman. Ciyaman ya kai wa makafi shinkafar azumi, mai gabatar da shiri ya ce wannan ita ce damawa. Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Daga damun fura kalmar ta fito. In Bahaushe ya ce "da wane aka dama", yana nufin hannunsa na kan ludayin, da shi aka yanke yawan nonon da za a zuba. Wanda aka miƙo wa a ƙoƙo kuwa, yadda aka dama haka zai sha. Rabon keke da shinkafa alheri ne, akwai lada, amma sunansa sadaka. Abin da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin nakasassu take nufi, wadda Najeriya ta amince da ita a 2010, shi ne a cire abin da ya tare wa mutum hanya, ya shiga makaranta da aiki da zauren shawara kamar kowa.

Inda ake gane wanda ya fahimci kalmar shi ne in aka zo maganar aikin sa-kai a ƙasashen waje. Ce wa mutane kurma ko gurgu zai tsallaka wata ƙasa ya taimaki wasu, ka ga yadda za su dube ka. A tunaninsu shi ake kai wa taimako, ina shi ina kaiwa?

To a duba tarihin Andrew Foster. Baƙar fata ne ɗan Amurka, an haife shi a jihar Alabama a 1925, sanƙarau ya kurmantar da shi yana ɗan shekara 11. A 1954 ya zama baƙar fata na farko da ya kammala digiri a Gallaudet, jami'ar kurame da ke Washington. Ɗan mishan ne, kuma da ƙungiyoyin mishan suka ƙi tura shi Afirka, sai ya kafa tasa. Ya sauka Ghana a 1957 ya buɗe makarantar kurame, a 1960 ya buɗe wata a Ibadan. Kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987, ya kafa makarantu sama da 30 a ƙasashe 13. Ya yi abin da mai ji ba zai iya ba: uban da ya ɗauka ɗansa kurma ba zai taɓa karatu ba, sai ga kurma da digiri tsaye gaban allo. Har yau yaren hannun da ake koyarwa a makarantun kurame na Najeriya yana da tushe a na Amurka saboda shi. Ni dai ina da ƙorafi a nan, domin kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu tun kafin zuwansa, kuma makaranta ta fifita baƙuwar a kanta. Wannan zancen wata rana ne.

Ita ma Susan Sygall, wata 'yar Amurka wadda ke kan keken guragu, ta je karatu Ostareliya, ta dawo aka kafa ƙungiyar Mobility International USA da ita a 1981, don nakasassu su riƙa fita karatu da aikin sa-kai. Aikin irin waɗannan ƙungiyoyi ba shi da armashin hoto. Shin ƙofar banɗakin masauki za ta ɗauki keke? In keken ya lalace a ɗakin kayan jirgi, wa zai gyara? Wa zai biya tafinta, alhali kowace ƙasa da yaren hannunta? An turo takardar cikewa a yanayin da manhajar makaho za ta karanta masa? Duk wanda ya ce yana damawa bai ware kuɗin waɗannan ba, fatar baki ce.

Mu ma muna tura 'yan sa-kai waje. Tun 1987 shirin TAC (Technical Aid Corps, wato shirin tura ƙwararru su taimaka a waje) na gwamnatin tarayya yake aika malamai da likitoci da injiniyoyi ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik na shekara biyu. In ana son a auna damawa, a irin wannan jerin sunayen za a duba, a ga ko akwai malamin lissafi makaho. Dokar hana wariyar nakasassu da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba gine-ginen hukuma shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024, kuma har gobe akwai ofisoshin da sai an ciccibi mai keke a hau da shi bene.